Wa Ya Taɓa Ta Kafin Ta Fara Zafi?

Da hantsi aka jawo motar da igiya zuwa garejin Mai Tsumma. Farar bas ce ta ɗaukar kaya, warin kaji na tashi daga bayanta. Wanda ke riƙe da sitiyari surukinsa ne, mijin 'yarsa ta fari, direban wata gonar kaji da ke bayan gari. Ba a gama kwance igiyar ba wata baƙar mota ta tsaya a bayansu, mai gonar ta fito. Daga yadda ta buga ƙofa Mai Tsumma ya san ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

"Malam, ga motar nan," in ji ta. "Karo na uku ke nan cikin sati uku. Jiya ta tsaya masa a kan tudun bayan kasuwa, rana tsaka, da 'yan tsaki kwali goma sha biyu a ciki. Kafin a kawo wata motar, kwali huɗu sun mutu. Ni na kwashe su da hannuna."

"Subhanallahi. Allah Ya mayar da alheri, Hajiya."

"Amin. Amma ba jaje na zo karɓa ba. Ana ta kawo mini magana. Wasu sun ce ba ya duba ruwa da safe, wasu sun ce in ya sauke kayana sai ya je ya loda na wasu har mota ta galabaita. Ni ban gani ba. Zan dawo ƙarfe huɗu. In ciwon a jikin mota yake, ka nuna mini shi in gani da idona, ya ci gaba da aikinsa. In ka ce mota lafiyarta ƙalau, to ciwon yana wurin direba, ya ba ni makullin mota da na ɗaki."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Na san surukinka ne. Ina sane na kawo maka. Shekara tara kana gyara mini motoci ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Ina so in ga ko yau za ka fara."

Surukin ya tsaya gefe, hannuwa a baya, kai a ƙasa. Makullin ɗakin da ta ambata ba ƙaramin abu ba ne. Ciki da falo ne da ɗan tsakar gida a cikin gonar, ana ba direba muddin yana aiki, kuma a nan 'yar Mai Tsumma take da jaririyar da ba ta cika wata guda ba. In makullin nan ya tafi, yau ɗin nan za a fara neman inda za a kai gado da katifa.

Mai Tsumma ya doshi sittin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, shekararsa arba'in da ɗaya yana aikin lagireto, tankin nan mai siraran haƙarƙari da ke gaban inji yana sanyaya ruwa. Ba ya taɓa giyar mota, ba ya taɓa birki, in ka kawo masa su sai ya nuna maka rumfar gaba da leɓe. Zafin mota kaɗai ya sani, amma ya san shi kamar yunwar cikinsa. A hannunsa na hagu, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, fatar ta yi fari-fari tana sheƙi. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya buɗe murfin lagireton wata babbar mota tana kan tafasa, don ya nuna wa maigidansa shi ma ya iya. Wata biyu ya yi yana jinya. Ran da ya dawo, maigidan bai yi masa faɗa ba, sai ya yage wani jan ƙyalle ya miƙa masa. Ya ce da wannan zai riƙa buɗe murfi, bayan ya jira mota ta huce. Da shi kuma zai riƙa tambayar fanka, don ido juyawarta kawai yake gani, ba ya ganin inda take kai iska. In aka saki tsumma a gaban lagireto ya manne, fanka na jan iska ciki, aikinta ya yi. Tsumman ya canza sau ba adadi, amma kullum ja ne, kullum yana kafaɗarsa, har sunansa na yanka ya ɓace a layin garejin.

Abu na biyu da aka san shi da shi tambaya ce. Kafin ya ɗauki sifana, kafin ma ya ɗaga bonet, sai ya kalli mai mota ya ce, "Wa ya taɓa ta kafin ta fara zafi?" A ganinsa mota ba ta cika yin ciwo don kanta ba, hannu ne ke sa mata. Kuma da gaskiyarsa. Akwai masu cire ɗan bawul ɗin da ke tsara zagayen ruwa su jefar, su ce ai mu ba a ƙasar sanyi muke ba. Akwai masu ɗura ruwan kwata da yashinsa da komai. Akwai masu toshe yoyo da sabulu su sallami mutum ya je ya tsaya a daji. Duk wanda Mai Tsumma ya kama da irin wannan aika-aika ba ya rufa masa asiri, sai ya faɗi sunansa da ƙarfi layi ya ji. Wannan hali ya tara masa masu kawo mota daga nesa, ya kuma rage masa masu gaishe shi da zuciya ɗaya a kusa.

To yau ma bai fasa ba. Ya juya ga surukinsa.

"Wa ya taɓa ta kafin ta fara zafi?"

Surukin ya ƙara sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

"Babu kowa, Baba."

"Ka tuna dai. Ko a hanya, ko wani mai ƙarambani a gona?"

"Babu wani na waje da ya taɓa ta, Baba."

Mai Tsumma ya yi tsaki. Shi dama yaron nan shirunsa na ba shi haushi. Shekara biyu da aure, har yau bai taɓa zama kujera ɗaya da shi ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, in ya zo gaisuwa sai ya tsuguna tun daga bakin ƙofa. Mutumin kirki ne, amma ciro magana daga bakinsa sai ka yi gumi.

Ya ɗaga bonet ya fara bi ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba. Ya naɗe murfin lagireto da tsumma ya buɗe. Ruwa ya ragu, amma motar da ta tafasa jiya dole ta zubar. Ya cika shi daga duro. Ya juya murfin ya duba robarsa, ya danna ƙarfen da babban yatsa, yana da ƙarfinsa. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, ya sa aka tayar da inji, ya tsuguna yana jiran ɗigo. Minti ashirin kwalin nan a bushe. Ya matsa tiyon sama, ya matsa na ƙasa, babu wanda ya kumbura, babu wanda ya lanƙwashe. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya goga a yatsa. Da ruwa ya shiga mai, da ya ga launin shayi da madara, amma man nan baƙi ne sumul. Ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa ya sansana. Babu farin hayaƙi, babu danshi.

Ya leƙa bayan lagireton, ta wajen inji, ya ga gashin kaji da dusa sun manne. Ya share su da buroshi yana mita a kan mutanen gona da ba su san wanke mota ba. Fanka kuwa kallo ɗaya ya yi mata ya wuce. Ba ta daɗe da sakawa ba, tana juyawa kamar za ta tashi sama, kuma ya san hannun da ya ɗaura ta.

Maƙwabcinsa mai gyaran wayoyin mota, wani dogo mai tsokana da kowa ke kira Rewaya, ya leƙo daga rumfarsa da kofin shayi. Shekara talatin suna zaune kusa da juna, kullum cikin faɗa, kuma ba a taɓa ganin ɗaya ya ci abinci bai kira ɗayan ba.

"Likita, yaya mara lafiya?"

"Tana nan tana yi mini ƙarya. Rabin awa a tsaye, allurar zafi ko motsi."

"To ka sallame ta mana."

"In na sallame ta, na sallami 'yata daga ɗakinta. Matsa ka ba ni wuri."

Rewaya ya daina dariya, ya koma rumfarsa.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi Mai Tsumma ya kwance bawul ɗin ruwa. Yana da wata tsohuwar tukunya da risho don wannan aikin. Ya jefa bawul ɗin a ruwa ya kunna wuta, ya tsaya a kansa yana fata a ransa kada ya buɗe. Bai taɓa roƙon Allah abu ya lalace ba sai yau. In ya ƙi buɗewa, shi ke nan, ga ciwo, ga abin nuna wa Hajiya. Ruwa ya fara ƙananan kumfa, bawul ya buɗe baki a hankali, lafiya lau. Ya tsamo shi da filaya, ya ji kamar ya yi jifa da shi.

Ya mayar, ya danna fambel, bel ɗin da ke juya famfon ruwa, ya ji tsaurinsa daidai. Ya bar murfi a buɗe aka tayar da inji, ya ga ruwa na gudu a wuyan lagireto, alamar famfo na turawa. Ya zuba ido ko zai ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, wanda zai nuna gasket ɗin kan inji ya ƙone. Babu. Ya kwance lagireton gaba ɗaya, ya ɗura masa ruwa ta sama, ruwan ya fito ta ƙasa da ƙarfinsa, garau. Kafin ya mayar ya ɗaure, an yi azahar.

"Kawo buhunan yashin can," ya ce da surukin. "Mu loda mata nauyi mu je tudun."

Suka fita. A kan babban titi surukin ya taka ta sosai, allurar zafi na zaune a tsakiya abinta. Suka karya kwana suka shiga hanyar kasuwa, inda masu kura da masu babur ba sa barin mota ta wuce giya biyu. Mai Tsumma bai ɗauke ido daga allurar ba. Ta ɗan ɗaga. Suka fara hawan tudu, ta ƙara ɗagawa. Kafin su kai rabi ta wuce kashi uku cikin huɗu tana neman ja.

"Kashe! Kashe ta!"

Suka gangara gefen hanya. Ana jin ruwa na ɓararraka a ciki. Mai Tsumma ya ɗaga bonet, zafi ya bugi fuskarsa, fanka na ta juyawa bil haƙƙi. Ya tsaya yana kallon injin, zufa na bin bayansa. A tsaye lafiya, a guje lafiya, sai a tafiyar tsaka-tsaki da kaya. Shekara arba'in da ɗaya, yau ga mota ta tafasa a gabansa bai san dalili ba. Abu ɗaya dai ya tabbata, yaron nan bai yi laifi ba, don shi da kansa ya cika ruwan, shi ya ga tuƙin. Amma Hajiya ba ta ce a zo mata da shaida ba, cewa ta yi a nuna mata ciwo.

Suna jiran ta huce wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce. Suna gaisawa yana jin kukan jaririyar a kusa da ita.

"Baba, matar mai gadi ta ce wai in fara haɗa kaya. Gaskiya ne?"

"Wa ya ce ki haɗa kaya? Ki zauna ki ba yarinya nono."

"Baba, ka gano abin?"

"Ina kai," ya ce. Ya kashe wayar don kada ta ji muryarsa ta canza. Tsoro ne ya kama shi, tsoro sosai, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka haifi jaririyar nan.

Sai uku saura kwata suka lallaɓo gareji. Ya sake bin komai daga farko, har abin da ya riga ya duba sau biyu. Ya canza murfi da wani sabo. Ya kwanta a ƙasa da tocila yana bin tiyo. Masu rumfunan kusa sun fara zagayowa, wannan ya ce a buɗe kan inji, wancan ya ce a cire bawul a huta. Wani mai gyaran inji da Mai Tsumma ya taɓa tona wa asiri a kan sabulu ya jingina da bango yana sakace, murmushi kawai yake.

Uku da kwata ƙafafunsa suka gaji. Ya bar injin na aiki, ya jawo benci ya zauna dab da hancin motar, ya zare tsumman daga kafaɗa don ya share fuska. Ya riƙe shi a hannu, gwiwar hannu a kan cinya, yana kallon ƙasa. Can ya ji fanka ta tashi. Iska mai zafi ta bugi ƙaurinsa. Tsumman da ke rataye a yatsunsa ya ɗaga, ya karkato wajen ƙirjinsa yana kaɗawa.

Ya yi kasaƙe. Ya miƙa hannu a hankali ya kai tsumman jikin ragar gaban motar, ya saki. Maimakon ya manne, sai ya yi tsalle ya faɗo a kan takalminsa.

Fankar baya take juyawa. Maimakon ta jawo iska mai sanyi daga waje ta ratsa lagireto, zafin inji take kwasowa tana turawa gaba. A tsaye, ko iskar banza ce tana ɗan ratsawa, shi ya sa allura ba ta motsi. A guje, iskar hanya ta fi ƙarfinta. Amma a tafiyar kasuwa da hawan tudu, iskar hanya na turowa, fanka na mayarwa, sai su yi kunnen doki, babu abin da ke ratsa lagireton. Gashin kajin da ya share da safe ma a baya ya same shi, ba a gaba ba. Motar ta faɗa masa tun da hantsi, shi ne bai saurara ba.

Ya kuma san ranar. Sati uku da suka wuce tsohuwar fankar ta ƙone, ya samo wata da aka ciro daga wata motar, wayoyinta biyu duk baƙaƙe. Rewaya ya tafi ta'aziyya ran nan. Mai Tsumma ya ce waya biyu ce kawai, me zai jira? Ya haɗa, ya naɗe da salatif, aka tayar, ta juya. Hannunsa ya tafi kafaɗa zai ɗauko tsumma ke nan aka kira surukin, aka ce an wuce da matarsa asibiti, haihuwa ta zo da gardama. Ya buga bonet, suka faɗa cikin motar nan su biyu. Awa shida suka yi a tsaye a barandar asibiti. Da aka fito aka ce an sauka lafiya, wa ya ƙara tuna wata fanka?

Ya ɗago ya dubi surukinsa. Surukin na kallon tsumman da ke ƙasa, ya kawar da kai da sauri. Nan Mai Tsumma ya gane yaron ya daɗe da sanin ranar da ciwon ya fara.

Rewaya ya ga abin da ya faru. Ya matso ya tsuguna kusa da bencin, ya yi ƙasa da murya.

"Minti biyu ne. In juya wayoyin yanzu, babu wanda ya lura. Kana da matattun bawul cike da gwangwani, ka ɗauko ɗaya mai tsatsa ka nuna mata. Yaro ya tsira, kai ka tsira, mota ta warke. Wa aka cuta?"

Maganar ta shigi Mai Tsumma, ba zai ce ba ta shige shi ba. Motoci biyar gonar nan take kawo masa, su ne ƙashin bayan rumfarsa tun da idonsa ya fara rauni masu sababbin motoci suka koma wurin masu na'ura. Ga mai sakace can a jingine, shekara shida yana jiran rana irin ta yau. Ya tashi ya shiga rumfa, ya jawo gwangwanin, ya zaɓo wani bawul da tsatsa ta cinye. Ya juya shi a tafin hannunsa. Ya yi daidai, ko shi aka nuna wa zai yarda.

Sai dai ya san Hajiya. Za ta karɓi bawul ɗin ta juya shi, ta ce, to me ya sa ya yi tsatsa haka? Amsar da duk bakanike zai ba ta ita ce, direba na zuba mata ruwan banza, ko yana barin ta ba ruwa. Yau za ta bar shi, amma zargin zai zauna. Ran da taya ta fashe ma, da shi za a tuna. Yaron zai ci gaba da ɗaukar laifin da ba nasa ba, kuma zai ɗauka, bakinsa a rufe, kamar yadda ya ɗauka sati uku.

"Huɗu saura goma," in ji Rewaya daga waje. "In juya?"

Mai Tsumma ya jefa bawul ɗin cikin gwangwani. "Kada ka taɓa. Bar ta yadda take."

"Kai dai taurin kanka ne zai kashe ka."

"Na ji. Bar ta."

Huɗu da minti biyar baƙar motar ta tsaya. Hajiya ta fito ta tsaya a gaban bas ɗin, jaka a hammata. Mutanen layi suka matso kamar an kira su.

"Malam, ina jinka."

"An samu, Hajiya. Matso ki gani."

Ya sa surukin ya tayar. Suka jira har fanka ta tashi. Ya miƙa mata tsumman ya ce ta kai jikin ragar ta saki. Ta saki, ya faɗo a ƙafarta. Ya bayyana mata a taƙaice, inda iska ya kamata ta bi da inda take bi, da dalilin da ya sa sai a kan tudu take tafasa. Ya ce ko wane direba aka ba motar nan, a wurin nan za ta tsaya masa.

Hajiya ta gyaɗa kai. Mace ce mai saurin ganewa, kuma shekara tara tana jin tambayar da yake yi wa direbobinta. Ta dube shi.

"To wa ya taɓa ta kafin ta fara zafi?"

Surukin ya yi wuf ya fito daga mota. "Hajiya, ai fankar ce dama daga..."

"Yi shiru," in ji Mai Tsumma. Ya ɗaga murya yadda ya saba ɗagawa in yana faɗin sunan wani. "Ni ne. Ni na saka ta, ni na haɗa wayoyin a juye, kuma ban gwada ba. Yaron nan ba shi da laifin komai. 'Yan tsakinki a hannuna suka mutu."

Wani ya yi dariya a baya, ba sai an waiwaya ba an san ko wane ne. Mai Tsumma ya ji dariyar har cikin ƙashinsa. Kunya ta rufe shi, bai taɓa jin irinta ba, amma bai sunkuyar da kai ba.

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. "Kwali huɗu, Malam."

"Na sani, Hajiya."

"Kuma saura kaɗan in kori mutum da mai jego a ɗaki." Ta juya ga direban. "Kai kuma ka sani ka yi shiru?" Ta girgiza kai. "Riƙe makullanka. Gobe ƙarfe shida akwai kaya." Ta gyara jakarta. "Malam, ba ka yi mini ƙarya ba, na gode. Amma sauran motocin zan kai su wani wuri tukuna. Raina bai huce ba."

"Kina da gaskiya, Hajiya."

Da ta tafi, ya ɗauki tsumman ya kakkaɓe. "Rewaya, zo ka juya. Aikinka ne dama, ni na yi shisshigi."

Rewaya ya warware salatif ɗin, ya sauya wayoyin, ya naɗe, bai yi tsokana ko ɗaya ba. Fanka ta tashi. Mai Tsumma ya saki tsumman, ya manne a jikin ragar ɗaram. Suka sake loda yashi suka koma tudun, shi da surukin. Suka hau har ƙarshe a giya biyu, allura na tsakiya.

A saman tudun ya ce a tsaya. Surukin ya kashe mota, hannuwansa na kan sitiyari, idonsa na kan gwiwarsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ban san fanka ba ce, Baba. Na dai san washegarin ranar haihuwar nan ta fara zafi."

"Na tambaye ka da safe. Sau biyu."

"Baba, da wane bakin zan faɗa?"

"Da wanda kake cin abinci! Ka gwammace a fitar da matarka da 'yarka waje da ka ce tsoho ya yi kuskure? Wannan ba ladabi ba ne, cuta ce. Ka cuce ni ma, ka bar ni yini guda ina dafa ƙarfe a tukunya." Ya tsaya ya share fuska da tsumman. Ba fushi ne kaɗai a ransa ba. Yaron nan ya yarda ya rasa aiki da ɗaki don kada uban matarsa ya ji kunya, kuma Mai Tsumma bai san yadda ake gode wa irin wannan wauta ba.

"Bari in sake tambayarka, ka amsa mini kamar mutum. Wa ya taɓa motar nan kafin ta fara zafi?"

Surukin ya dubi sitiyari, ya dubi taga. Mai Tsumma ya naɗe hannu yana jira.

"Kakan jaririya ne, Baba," ya ce da ƙyar.

Mai Tsumma ya mayar da tsumman kafaɗa. "To. Tayar mu je in gan ta, kafin uwarta ta gama haɗa kayan."